Katin Alfarmar da Ya Karya Hannun Yayana

Fuskar Yaya Darnell tana kan kwalta, gwiwar ɗan sanda tana kan ƙeyarsa, ni kuma ina tsaye a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, waya a hannuna.

"Kati ne," nake ta faɗa. "Kati zai ɗauko muku. Babu komai a motar nan."

Ko kallona ba su yi ba. Mai jan gashin, wanda aka rubuta Rucker a ƙirjin rigarsa, ya ɗaga kulki ya sauke a haƙarƙarin yayana. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Ɗayan ya tsuguna ya fesa masa barkono a ido kusa da kusa, kamar mai kashe kyankyaso a lungun kicin.

"Daina turjiya," Rucker yake faɗa da ƙarfi don mutanen da suka taru su ji. "Na ce ka daina turjiya."

Wace turjiya? Mutumin da ko numfashi da ƙyar yake ja.

Sunana Renita, shekarata ashirin da shida, ƙananan yara 'yan ajin nazare nake koyarwa. Ban taɓa zaton zan buɗe shafi a intanet ina ba baƙi labarin gidanmu ba, amma abin da zan faɗa muku yau ko Mama sai daga baya ta ji shi. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa kafin ku zage ni.

Ranar Lahadi ce, ƙarfe ɗaya na rana, daga coci muke. Rigata ruwan ƙwai ce mai buɗaɗɗen ƙasa, da hula mai faɗin baki wadda Mama ta ara min. Yaya yana cikin farar shat ɗinsa, ya sassauta laktayal, yana tsokanata wai muryata ce ta sa tsohuwar da ke gabanmu ta cire na'urar ji daga kunnenta ta jefa a jaka. Mama ta riga mu gida don ta ɗora kaza. Daidai shagon wanki na kan kwana muka ji jiniya a bayanmu. Laifinmu wai turaren mota da ke rataye a madubi yana tare wa direba hanya.

Yaya ya yi duk abin da marigayi Baba ya koya mana. Kowane gidan baƙar fata a unguwarmu ana yin wannan zaman, ranar da yaro ya karɓi lasin: kashe mota, sauke gilas, ɗora hannu biyu kan sitiyari, ware yatsu, kada ka motsa sai ka faɗa kuma an ce maka to. Ya yi duka. Ni kuma na kunna kyamarar waya na jingina ta a cinyata, kamar yadda kowa yake yi yanzu.

Sai bakina ya buɗe.

Akwai wani kati da ƙungiyar 'yan sandan garinmu take bugawa duk shekara. Kowane ɗan sanda ana ba shi 'yan kaɗan, ya sa hannu a baya, ya rubuta lambarsa, ya raba wa uwarsa, matarsa, da wanda ya ga dama. Idan an tsayar da kai sai ka haɗa shi da lasin ka miƙa. Su duba, su yi murmushi, su ce a sauka lafiya. Cedric, wanda saura sati biyar a ɗaura mana aure, ɗan sanda ne. Ranar da ya sa min zobe ya ba ni nawa. Sau biyu na gwada shi, sau biyun aka sallame ni har da gaisuwa. Daɗin abin ya mantar da ni zaman da Baba ya yi da mu.

"Yaya, katin Cedric yana cikin aljihun gaban mota," na ce. "Ɗauko ka nuna musu mu wuce, kaza za ta huce."

"Bari dai su iso, Nita."

"Haba, ɗauko mana. Kai komai sai tsoro."

Ya sauke hannun dama daga sitiyari ya miƙa. A daidai lokacin Rucker ya iso taga.

Ban san yadda aka yi ƙofa ta buɗe ba. Na dai ga an finciko shi ta wuyan riga, kansa ya bugi ƙarfen ƙofa, jini ya tsartu a gilas. Na fito ta ɗaya gefen, takalmina ya maƙale a ramin kwata, na bar shi.

Ana cikin dukan mota ta biyu ta tsaya. Da na ga wanda ya fito sai na ce mun tsira. Cedric ne, cikin kaki, da tabaraun da ni na saya masa.

"Cedric, Yaya ne. Ka gaya musu Yaya ne."

Ya kalli yayana a ƙasa. Ya kalli Rucker. Sai ya juyo ya tsaya a gabana, ya ware hannu ya tare ni.

"Malama, ja da baya."

Malama. Ni da jiya-jiya ya kwanta a kujerar falonmu ina tsefe masa gemu da mataji.

"Cedric, ni ce."

"Na ce ki ja da baya."

Na yi ƙoƙarin kewaye shi, ya cafke damtsena ya murɗa ta baya har sai da na ji kafaɗata ta yi ƙara. Wayar tana ɗaya hannun, na ɗaga ta sama da kafaɗarsa. A nan na ga Rucker ya miƙe, ya dubi hannun daman Yaya da ke shimfiɗe a kwalta, ya ɗora dunduniyar takalminsa a kai, ya sake nauyinsa duka. Ƙarar kamar an taka busassun kara. Yaya bai yi ihu ba. Wani sauti ya yi can ƙasan maƙoshi, sannan ya yi shiru.

Yayana mai aski ne. Da wannan hannun ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba.

A asibiti muka same shi da ankwa a ƙafa an ɗaure da ƙarfen gado. Haƙarƙari uku, ƙasusuwa biyar a bayan hannu, ɗinki tara a goshi, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Kuma wai shi ake tuhuma: turjiya, da yunƙurin ɗauko makami. Mama ta tsaya a kansa da ƙyallen girkinta har lokacin ɗaure a ƙugu, ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya take maimaitawa.

"Me ya sa ka motsa hannunka? Ubanka bai gaya maka ba? Me ka je nema a aljihun mota?"

Yaya ya buɗe lafiyayyen idon ya dube ni. Sai ya ce, "Mantuwa na yi, Mama."

Ni kuma na yi shiru. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana.

Tun daren farko saƙonnin Cedric suka fara shigowa.

"Bebi, ɗauki waya."

"Ba yadda kike tsammani ba ne. Da ban riƙe ki ba da ke ma sun kwantar da ke."

"Na je na ga telan, kwat ɗina ta yi daidai. Ina kewarki."

"Bidiyon nan kin nuna wa wani?"

"Kada ki tura wa kowa sai mun zauna. Don Allah."

Ban amsa ko ɗaya ba, ban kuma goge ba. Rigar aurena tana rataye a bayan ƙofar ɗakina cikin leda, fara sol, da duwatsu ƙanana a wuya. Duk sanda na buɗe ƙofa sai ta yi motsi kamar mutum.

Ranar Alhamis aka sallamo Yaya bayan an yi belinsa. Da hantsi Anti Loretta, ƙanwar Mama, ta iso da ƙatuwar jakarta da ƙamshin turarenta mai hawa kai. Ita ta haɗa ni da Cedric, don uwarsa ƙawarta ce a ƙungiyar mata ta coci. Ba ta jima da zama ba lauya ta ƙwanƙwasa. Sunanta Yolanda Pettis, 'yar siririya, gashinta a aske ƙwal, kwat ruwan toka da takalmin gudu. Wani mai zuwa aski wurin Yaya ne ya turo ta. Ta ƙi shayi, ta zauna a teburin cin abinci ta baje takardu.

"Abu biyu ne," ta ce. "Na farko mu kashe tuhumar da suka ɗora masa. Na biyu mu maka su a kotun tarayya kan tauye haƙƙi, kowa da sunansa. Su uku."

"Su biyu," in ji Anti Loretta.

"Uku. Wanda ya tsaya yana kallo alhali yana da ikon hanawa, doka tana ƙirga shi."

"Yaron nan surukinmu ne."

"Ba a ɗaura ba tukuna, na ji an ce." Ta juyo gare ni. "Rahotonsu ya ce kyamarorin ƙirjinsu duka uku sun sami matsala a lokaci ɗaya. Ikon Allah. Ke aka ce kin ɗauka a waya. Minti nawa ne?"

"Shida da wani abu."

"Ina son shi."

Anti ta matso da kujerarta ta dafa hannuna, muryarta ta yi laushi irin ta masu roƙon taimako a coci.

"'Yar nan, ki saurare ni. Ba wanda ya ce kada a bi wa Darnell haƙƙinsa. Amma waya ai ana yanka abu a cikinta. Ki ba ta inda fararen nan biyu suke dukan, kafin Cedric ya zo. Ya isa. An biya kuɗin zaure, an raba kati ɗari biyu, mutanenmu na Kudu sun yanki tikiti. Kin san samarin da suka rage a unguwar nan? Rabi suna gidan yari, rabi suna kwance a falon uwarsu. Kin samu mai albashi da fansho za ki kai shi kotu?"

"A minti na nawa aka taka hannun?" lauya ta tambaye ni, kamar Anti ba ta yi magana ba.

"Na huɗu."

"Shi kuma saurayin naki a na nawa ya zo?"

"Na uku."

"To kin gani. In kin yanke shi kin yanke hannun. Kuma bidiyon da aka taɓa, lauyoyinsu za su yi wasa da shi a gaban alƙali kamar kyanwa da ɓera. Duka nake so, daga daƙiƙar farko. Farkon ma ya fi min amfani, don shi zai nuna abin da ya miƙa hannu zai ɗauko."

A farkon muryata ce, tar, tana cewa kai komai sai tsoro.

Na kalli Mama. Tana tsaye jikin murhu tana juya ganye a tukunya, ta ba mu baya.

"Mama, ke me kika ce?"

"Ni ban son in rasa biyu," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Hannu ya riga ya karye. In aure ma ya karye me na tsira da shi? Kuma a garin nan za mu ci gaba da zama, su ne da titi."

Yaya yana kishingiɗe a doguwar kujera, hannunsa cikin farin siminti har gwiwa. Ya yi 'yar dariya, ta taɓa masa haƙarƙari ya yamutsa fuska.

"Ku ƙyale ta. Nita, in kin ga dama ki aure shi. Sai dai ki gaya masa ranar biki ya nemi wani mai askin, na gefen hagu kawai na iya yanzu."

Lauya ta ajiye katinta a kan tebur ta ce tana jirana zuwa yamma, ta fita.

Wajen ƙarfe uku, ina wanke kwanuka, na ji an taɓa ƙofar baya. Cedric ne, babu kaki, shuɗiyar riga mai gajeren hannu da wandon jins, yana riƙe da farantin kek ɗin dankali an rufe da takarda. Idanunsa sun yi ja. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta buga yadda ta saba.

"Umma ce ta ce a kawo wa Darnell."

"Da wane hannun zai ci?"

Ya ajiye farantin. Ya jawo ƙofar kicin ya tura.

"Bebi, mu baƙaƙe shida ne a ofishin nan cikin mutum tamanin. Shekarata biyu kacal. Kin san abin da ake yi wa wanda ya taɓa ɗan uwansa ɗan sanda a gaban jama'a? Ranar da zan shiga wani lungu in kira a kawo min ɗauki, ba wanda zai zo. Rediyo zai yi shiru. An yi wa wani kafin ni, yanzu a keken guragu yake."

"Sai ka kira ni Malama."

"Da na kira sunanki da sun san ke wace ce."

"Katinka yana cikin motar, da sa hannunka. Sun sani."

Ya shafa kansa. "Na ji. Na yi kuskure. Zan gyara ta ciki, a hankali. Akwai wanda zan gani a janye tuhumar Darnell. Amma in bidiyon nan ya fita na gama. Ba ni wayar, in saya miki sabuwa yau ɗin nan."

Wayar tana kan firji. Idona ne ya tona ni. Ya riga ni kai hannu, na riƙe gefe ɗaya, ya riƙe ɗaya.

"Saki, Renita."

"Ba zan saki ba."

Ya kama wuyan hannuna ya lanƙwasa, irin lanƙwasar da ake koya musu, wadda ke sa mutum durƙusawa ko bai so ba. Na durƙusa. Bayana ya bugi ƙofar kabad, kofuna suka zubo suka tarwatse. Na kafa haƙora a bayan hannunsa har na ji gishirin jini. Ya fizge, ya ɗaga ɗayan hannun, ya sauke min shi a kunci. Kunnena ya ɗauki ƙara, leɓena ya fashe.

"Sake ta."

Mama ce a bakin ƙofa. Ban ji shigowarta ba. Ta wuce mu ta ɗauke baƙin kaskon ƙarfe daga kan wuta, man da ta ɗora na suyar kifi yana tafasa a ciki, ta riƙe shi da hannu biyu daidai fuskarsa.

"Mama, ba haka…"

"Ni ba uwarka ba ce. Shekarata talatin ina suya da kaskon nan, ban taɓa zubar da mai ba sai inda na yi niyya. Sake ta."

Ya saki. Wayar ta faɗo a cinyata. Anti Loretta tana leƙe daga bayan Mama, hannu a baki, jakarta a hammata. Yaya ya taso da ƙyar ya jingina da bango.

Ina zaune a cikin fasassun kofuna na buɗe bidiyon. Ban tura ba tukuna. Na ƙure ƙara, na kunna daga farko, na ajiye a ƙasa inda kowa zai ji.

Muryata ta cika kicin. Katin Cedric yana cikin aljihun gaban mota. Bari dai su iso, Nita. Haba, ɗauko mana, kai komai sai tsoro.

Mama ba ta sauke kaskon ba, amma ta juyo da kai ta dube ni. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

"Ke ce," ta ce.

"Ni ce, Mama."

"Kwana huɗu ina tuhumar ɗana."

Bidiyon ya ci gaba, kulki yana sauka, har aka zo wurin da ya ce Malama ja da baya, har ƙarar ƙashi. Anti ta juya ta fita falo. Na ɗauki wayar, yatsana yana barin jini a gilas, na kwafi lambar da ke katin lauya, na tura shi duka. Muka tsaya muna kallon ɗan layin yana cika. Ya cika. Amsa ta shigo nan take: "Na samu. Su uku."

Cedric ya naɗe hannunsa da tawul ɗin kwanuka. Bai yi faɗa ba. Kallona ya yi kamar mai tausayi, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Na so in tare miki, Renita. Da kin ba ni wayar da na janye."

"Ka janye me?"

Ya fita ta ƙofar baya ya bar ta a buɗe.

Mama ta mayar da kasko kan murhu ta kashe wuta. Ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. Na danna a leɓe. Yaya ya zame ya zauna kusa da ni a ƙasa, ya ɗora min simintin hannunsa a gwiwa, nauyinsa kamar bulo.

"Cizon nan a ina kika koya?" ya ce. "Wurin 'yan nazaren?"

Na fara dariya, ta koma kuka, ban san a ina ɗaya ta ƙare ba.

Ko awa ɗaya ba a yi ba aka danna ƙararrawar gaba. Na zaci lauya ce, na je da tsumman a bakina. Wata mata ce da ban taɓa gani ba, farar fata, mai kauri, gashinta a ɗaure tamau, baƙar kwat, lambar aiki rataye a ɗamararta. Wani dogo yana tsaye a bayanta kan matakala, hannunsa a ƙugu. Motarsu babu rubutu.

"Renita Gaines?"

"Ni ce."

"Akwai takardar kama ki. Kai wa jami'i hari da hana shi aiki, ranar Lahadin da ta wuce."

"Ni? Wane jami'i na taɓa ranar Lahadi?"

Ta buɗe takardar ta juyo min da ita. Na san rubutun tun kafin in karanta sunan, yadda yake jan wutsiyar harafin farko. Cedric Boone, mai ƙorafi kuma shaida. Kwanan watan Lahadi ne, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, awa uku kafin ya turo min saƙon farko yana ce min Bebi.

Matar ta zaro ankwa, ta dubi leɓena, ta dubi wayar da ke hannuna.

"Wannan ma da ita za mu tafi. Juya ki ba ni baya."